Filin Tattalin Gida: Butar Shayi da Rumbun Hatsi

Kaka ta yi, Alhamdu lillahi. An yanke hatsi, an ɗaure shi dami-dami, an kai rumbu. Wake ma ya shigo gida. Yanzu manomi ya sami sararin zama. Daga Magariya zuwa Bande, daga Dungas zuwa Malawa, duk garin da mutum ya shiga da hantsi zai iske maza zaune a inuwa. A tsakiyarsu akwai ɗan murhun waya da gawayi, da ƴar buta shuɗiya a kai. Wani yaro yana fifita wuta da murfin kwano. Ba sai an tambaya ba, shayi ake dafawa.

Kowa ya san yadda ake yinsa. Ana zuba ganye a buta, a sa ruwa, a bar shi ya tafasa har ya yi duhu. Sannan a zuba sukari. Mai dafawa ya ɗaga buta sama ya tsiyaya a ɗan kofin gilashi, ya mayar cikin buta, ya sake tsiyayawa, har kumfa ta hau. In babu kumfa, sai a ce mai dafawa bai iya ba. Na farko ɗaci gare shi, na manya ne da baƙi. Na biyu ya fi sauƙi. Na uku kusan ruwan sukari ne, shi ake miƙa wa yara da wanda ya zo a makare. Kafin a sauke na uku awa guda ta wuce, wani lokaci har biyu.

A wannan wata, filin tattalin gida zai duba ƴar butar nan. Ƙarama ce, moɗa guda ta ruwa ta cika ta har da saura. Amma akwai gidan da ta fi doki ci.

DAGA INA SHAYI YA FITO?

Ba a noman shayi a ƙasar Nijar. Itacensa yana son ruwan sama mai yawa da sanyin tudu. Asalinsa ƙasar Sin ne, can gabas mai nisa, kuma koren ganyen da ake dafawa a buta daga can ake kawo shi har yau. Baƙin shayi na cikin ɗan ƙunshi, wanda mai tebur ke haɗawa da madara, shi ma itacen nan ne. Wajen gyaran ganye suka rabu. Kore ana nuna masa zafi tun yana ɗanye, sannan a busar. Baƙi kuwa ana murza shi, a bar shi ya sha iska har ya rine. Ana noman baƙin da yawa a Indiya da Kenya. A Najeriya ma ana nomansa a kan tsaunin Mambila, cikin jihar Taraba. Sunan kansa baƙo ne, daga bakin Larabawa aka karɓo shi.

Wajen shekarun 1850 fataken Ingila suka shiga sauke koren shayi da yawa a bakin tekun Maroko. Mutanen can suka karɓe shi hannu biyu, suka haɗa shi da sukari da na'ana'a. Daga nan ya hau raƙumi ya shiga hamada. Akwai kuma ayarin da ke tasowa daga Tarabulus, ya biyo ta Gat da Agadas, ya sauka a Zangon Damagaram, sannan ya wuce Kano. Tun kafin Faransawa su shigo Damagaram a 1899, irin wannan ayari yana kawo yadi da takarda da sukari da shayi. Amma a lokacin abin na sarakuna ne da Larabawa da manyan attajirai. Talaka furarsa ya sani da goronsa.

Abzinawa ne suka fara riƙe shi sosai a wannan ƙasa, shi ya sa har yanzu wasu ke ce masa shayin Buzaye. Tsofaffi da yawa a ƙauyuka sun girma ba su ga buta a gidan ubansu ba. Farin 1973 da na 1984 sun kashe dabbobi masu yawa a arewa. Makiyaya suka gangaro kudu, wasu suka shiga garuruwa suna aikin gadi. Mai gadi ba ya barci, butarsa tana kan wuta dare farai. Maƙwabta suka zauna suka taya shi hira, suka ɗanɗana, suka koya. Masu zuwa cirani ma suka dawo da nasu sabon. A hankali buta ta shiga birni, ta shiga ƙauye, ta shiga gona.

ABIN DA BUTA TA GYARA

A faɗi gaskiya, shayi ya yi rana. Hausawa sun ce baƙonka annabinka. A da, in baƙo ya sauka ana kawo masa ruwa, sannan fura, sannan goro. Yau an ƙara da buta. Abin da ya ba ta shiga shi ne jinkirinta. Goro a aljihu ake sa shi a wuce. Fura a shanye ta a miƙe. Shayi kuwa sai an zauna an jira. Wanda ya sha na farko, kunya ba ta barinsa ya tashi bai sha na biyu ba. A cikin jiran nan ake jin kuɗin wake da na dabbobi a kasuwar Maigatari. A nan ake jin wanda ba shi da lafiya a je a gaishe shi. A nan ake shirya gayya, a nan ake soma maganar aure. Ranar suna da ranar biki da zaman makoki, buta ba ta sauka daga wuta. Da azumi kuma, bayan asham, ita ke tara mutane.

Inda ta fi yin amfani shi ne tsakanin manomi da makiyayi. Kowace kaka ana samun saɓani a kan burtali da mashaya da gonar da ba a gama kwashewa ba. Tun 1993 ƙasa tana da dokar karkara, kuma akwai kwamitocin kula da filaye waɗanda ke duba irin wannan magana tare da sarakuna da masu gari. Amma kafin magana ta kai can, sau da yawa a kan tabarma ake kashe ta. Mutum biyu da suka zo da fushi, in aka sa su jiran buta, kafin na biyu ya sauka murya ta yi ƙasa. Da wuya mutum ya zagi wanda ya miƙo masa kofi.

Haka kuma bayan an saki gonaki. Manomi mai dubara yana zuwa wurin Bafulatani ko Ba'abzine, ya roƙe shi ya sauka a gonarsa da garkensa. Ya kai masa hatsi, ya kai masa ganyen shayi da sukari. Shanu su kwana a gona sati biyu ko uku, su ci kara, su bar taki. Wannan shayi ba a yi asararsa ba. Da damina zai dawo a kan zangarniya.

Akwai kuma ƴaƴan wannan yanki da shayi ya zama sana'arsu. Da rani suna ƙetarawa ta Tinkim ko ta Maigatari, su kafa tebur a Kano ko Kaduna ko Abuja ko Legas. Suna sayar da shayi da madara da burodi da ƙwai tun asuba har tsakar dare. Da kuɗin ake biyan sadaki, ake sayen akuya, ake aiko da na cimaka lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Su shayi ne ke ciyar da su. Maganar yau ta waɗanda su ke ciyar da shayi ce.

WA KE BIYA?

Ganye da sukari ba sa fitowa a gona, da kuɗi ake sayensu. To daga ina kuɗin ke fitowa? A zamanin da Magariya ke tashen gyaɗa, ita ce ke biyan haraji da kayan kanti, hatsi ya zauna a rumbu don ci. Farin 1973 da cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975 suka karya wannan noma, bai koma yadda yake ba. Yau wake da riɗi ne ke kawo ɗan kuɗi. In nasu ya ƙare, sai hannu ya koma rumbu.

A ɗauki misalin wani magidanci. Ba sai an faɗi suna ba, kowane gari yana da irinsa. Mutum 8 ke ci a gidansa. Ba ya caca, ba ya shan taba, ba ya yawon banza. Shayi kaɗai ne abin shansa. Kullum yana aiken yaro wurin mai tebur ya sayo ganye na dala 20, sukari na dala 20, gawayi na dala 10. In babu kuɗi a aljihu, mai tebur ya rubuta. Ranar kasuwa sai a buɗe rumbu, a sussuka dami ɗaya ko biyu, a kai a sayar, a biya bashi.

Uwargidansa tana zuwa karatun manya. Da ta iya rubuta lamba, sai ta nemi abin gwada hannu. Kowace safiya in an aiki yaro, ta rubuta 50 a bayan littafinta. Ba da wata manufa ta fara ba. Da wata ya cika ta haɗa, abin ya ba ta tsoro. Ta bari sai da dare, bayan an ci tuwo yara sun kwanta.

Ta ce, "Malam, in ba za ka ji haushi ba, ina da magana."

Ya ce, "Ina jin ki."

Ta ce, "Shayin watan nan jika 7 da rabi ya ci."

Ya yi dariya ya ce, "Haba! Shayin dala hamsin ɗin? Ke dai karatun nan naku bai nuna ba tukuna."

Ta ɗauko littafi da fitila ta ajiye a gabansa. Ta ce, "Ni ban ce ka bari ba, Malam. Ka dai ƙirga da kanka."

Ya bi layi 30 da yatsa. Ya sake bi. Bai ce komai ba a daren nan.

Ga lissafin, mai karatu ya bi shi a hankali. Kuɗin da aka sa a nan misali ne kawai. Kowa ya sa na kasuwar garinsu, wanda ke saye da naira ya yi da naira.

Rana 1: dala 20 da dala 20 da dala 10, sun zama dala 50.

Wata 1: dala 50 sau 30, dala 1,500 ke nan, wato jika 7 da rabi.

Wata 12: jika 7 da rabi sau 12, jika 90 ke nan.

A nan a ɗan tsaya. Dala guda tamma 5 ce. Abin da baki ke kira dala 50, shi ake rubutawa 250 a takardar ciniki. Jika 7 da rabi kuma ana rubuta ta 7,500. Sababbin masu karatu su kula, wurin nan ne ake yawan ruɗewa, kuma wurin nan ne marar tsoron Allah ke cutar wanda bai sani ba.

Yanzu a mayar da kuɗin hatsi. A ce da kaka buhu jika 20 ne. Jika 90 buhu 4 da rabi ke nan. Buhu guda tiya 40 ne, saboda haka buhu 4 da rabi tiya 180 ne. Gidan mutum 8 yana cin kamar tiya 2 a yini. A raba 180 gida 2, an sami 90. Kwana 90. Wata 3 cur na tuwo da fura, na gida duka, sun bi ta bakin ƴar buta.

Wata 3 kuwa ba ƙaramin abu ba ne. Kusan shi ne tsawon lokacin da ake wahala, daga shuka zuwa fitowar sabon hatsi. A lokacin ne magidanci ke barin gonarsa ya tafi ƙwadago a ta wani don ya samo tiya guda. Kafin ya dawo ciyawa ta cinye tasa. Baɗi ya girbe kaɗan, ya sake shiga bashi.

Asarar ma kashi biyu ce. Hatsin da aka sayar da kaka da araha, shi ɗin ne za a sayo da damina da tsada. Ɗan kasuwa ya saye shi, ya ajiye, ya jira. Waɗanda suka ga 2005 a jihohin Damagaram da Maraɗi ba sai an ba su labari ba. A shekarar nan akwai hatsi a kasuwa, kuɗinsa ne ya fi ƙarfin talaka. Ba shayi ne ya kawo yunwar ba, ƙarancin ruwa da fara da tsada ne. Amma gidan da ya shiga shekarar da buhu 4 a rumbu da gidan da ya shiga hannu wofi, ba su sha wahala iri ɗaya ba.

Wani abu kuma. Manomi ba shi ke yanka wa ganye da sukari kuɗi ba. A watan Janairu na 1994 aka karya darajar sefa da rabi, kayan waje suka yi tsalle. A watan Agusta na 2019 Najeriya ta rufe iyakarta, ba ta buɗe ba sai Disamba na 2020. A 2023 aka sake rufewa wata da watanni. Kowane lokaci, mai tebur bai daina sayar da ƙullin dala 20 ba. Ƙullin ne ya ƙanƙance. Wanda ya saba da ɗaya sai ya sayi biyu, bai ma lura ba. Abin mamaki, ga rake nan yana fitowa a fadamun Korama, ana lodinsa a mota ana kai wa garuruwa, amma farin sukarin da ake zubawa a buta daga wata ƙasa ya zo.

Makiyayi shi ba ya da rumbu, garke ne rumbunsa. Lissafinsa bai da wuya. Ya tuna awaki nawa ya kai kasuwa daga bara zuwa bana. A cikinsu nawa ne aka sayar don hatsi da dusa da allurar dabbobi, nawa ne kuma kuɗinsu ya tafi ga ganye da sukari. Akuyar da aka sayar ba ita kaɗai ta tafi ba, ta tafi da ƴaƴan da za ta haifa.

ABIN DA LIKITOCI SUKA CE

Shayi yana wartsakar da mutum, yana kore barci, yana kashe jin yunwa. Amma kashe jin yunwa ba ƙoshi ba ne. Wanda ya fita noma da kofi 3 a ciki, babu koko babu fura, da ruwan jikinsa yake aiki. Hausawa sun ce da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Babbar magana ita ce ta jini. A cikin wake da zogale da sauran ganyen miya akwai sinadarin ƙarfe, wanda jiki ke gina jini da shi. In aka sha shayi mai ƙarfi tare da abinci, ko ana gama ci, shayin yana riƙe wani kashi na sinadarin nan, ya hana shi shiga jiki. Ƙaton namiji mai cin nama ba lalle ya ji komai ba. Mace mai ciki da mai jego da ƙaramin yaro su ne abin ji, domin dama jininsu yakan yi ƙasa. Maganin abin mai sauƙi ne: a bar awa guda ko fiye tsakanin abinci da shayi. Ƙwayar ƙarin jini da ake ba mata wurin awon ciki, a sha ta da ruwa, kada a kora ta da shayi. Mai ciki kuma ta rage na farko, wanda ya fi ƙarfi.

Jaririn da bai kai wata 6 ba, nonon uwarsa ya ishe shi. Kada a ɗiga masa shayi da sunan wasa ko da sunan magani.

Sai sukari. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara cewa sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha kada ya wuce kamar giram 50 a yini ga babban mutum, wato kamar ƙaramin cokali 12. In an tsaya a rabin haka ya fi. Mai shan buta biyu ko uku a yini ya duba yawan sukarin da ke shiga kowace dahuwa, zai ga ya wuce nan da nisa. Yara su suka fi cutuwa, don na uku ake ba su, wanda ya fi zaƙi, su sha su kwanta ba su wanke baki ba. Daga nan sai ciwon haƙori. Wanda likita ya ce yana da ciwon sukari, ko hawan jini, ya tambayi likitan yadda zai yi da shayi.

Ruwan buta ya tafasa, babu ƙwayar cuta a cikinsa. Amma kofi 2 ne ke zagaya mutum 10, kuma a ruwa ɗaya ake ɗauraye su tun safe. Lokacin mura, ko in amai da gudawa sun shigo gari, a nan cuta ke samun hanya. A riƙa sake ruwan, a sa sabulu.

Ga sanyi yana tafe. A wannan lokaci ne ake shiga ɗaki da murhun gawayi, a rufe ƙofa da taga, ana dafa shayi ana jin ɗumi. Gawayi yana fitar da wata iska mai guba, ba ta da wari, ba ta da launi. Tana fara wa mutum da ciwon kai da jiri da kasala. In barci ya ɗauke shi a haka, yana iya wucewa bai farka ba, shi da duk wanda ke ɗakin. A dafa a waje ko a buɗe ƙofa. Kafin a kwanta a fitar da wutar. Wanda aka iske ya galabaita a irin wannan ɗaki, a fitar da shi iska nan take, a garzaya da shi gidan likita.

Wasu matasa kuma sun koyi jefa ƙwayar tiramol a cikin shayi wai don su sami ƙarfin aiki. Wannan ba shayi ba ne kuma. Ƙwayar tana kama mutum ya kasa bari, tana sa farfaɗiya, tana kisa. Duk fadar da ta ga wani yana haka a cikinta, ta tsawata masa tun da wuri.

FADA DA DATTAWA

Tunda an ambaci fada, bari a faɗi nata. A zamanin Shugaba Saini Kunce, daga 1974 zuwa 1987, samariya ce ke haɗa matasa, ta sa su aikin gayya da wasanni. Bayan babban taron ƙasa na 1991 samariya ta yi sanyi. Aikin yi ya yi wuya. Samari suka shiga kafa fada a bakin titi da ƙofar gida, kowace da sunanta a rubuce a bango, kowace da butarta. Daga birane abin ya bazu har ƙauye.

Dattawa suna yawan faɗa a kan fada. Suna cewa zaman kashe wando ne. Wani lokaci suna da gaskiya. Saurayin da ya wuni a gindin buta alhali ga fadama ana noman rani, ana dasa albasa da kabeji da tumatir, ya cuci kansa. Amma akwai fadar da ke gadin unguwa da dare, ta share gari, ta yi wa ɗan'uwa gudummawa ranar aurensa. Kuma akwai abu guda da samarin nan suka fi dattawa iyawa. Su karo-karo suke yi. Mutum 10 buta ɗaya, kowa ya kawo ɗan abin da ya samu. Dattijon da ke musu faɗa kuwa, shi kaɗai yake hura tasa wutar a zaure, maƙwabcinsa ma haka, na gaba ma haka. Zaure 5 a jere, buta 5, gawayi kashi 5. In aka bi lissafi, fadar yara ta fi zauren manya tattali.

A koma ga magidancin nan. Bai bar shayi ba, kuma ba wanda ya ce ya bari. Bayan kwana biyu ya sami maƙwabtansa 4 a ƙofar masallaci, ya ba su labarin littafin. Ɗaya daga cikinsu ya ce, "Kai dai Malam, ka bari mace ta ƙirga maka kofi?" Aka yi dariya. Shi kuwa ya ce, "Ba kofi ta ƙirga ba, dami ta ƙirga." Dariya ta tsaya.

Suka shirya su haɗa buta ɗaya, bayan la'asar, yau a zauren wannan gobe a na wancan. Kowa ranarsa ɗaya cikin 5. Wanda ke kashe dala 50 kullum ya koma kashe ta sau 6 a wata, dala 300 ke nan, wato jika 1 da rabi. A shekara jika 18 maimakon jika 90. Gawayi ma ba kullum ake saye ba, ana ɗebo garwashi daga murhun girki. Wannan ya rage wa itatuwa sara. Mutanen Magariya da Matamai da Mirya sun sha wahala wajen renon gawo a gonakinsu tun shekarun 1980, har ƙasashen waje suna zuwa gani, bai kamata a mayar da itacen ƙasa toka don kumfa ba.

Na baƙo kuwa dabam yake. Da ya sayar da wake, ya sayi ƙunshin ganye guda da kilo guda na sukari, ya ba uwargida ta ɓoye a ɗaka. Sari ya fi ƙulli-ƙulli araha. In baƙo ya sauka, ko makiyayin da ke kwana a gonarsa ya leƙo, a ɗauko a dafa masa har na uku, ba tare da an aiki yaro karɓo bashi ba. Ya kuma yi wa kansa doka ɗaya: kuɗin shayi daga wake ne ko riɗi ko kaji, ba a buɗe rumbun hatsi dominsa. Abin da ya ragu, uwargida tana zuba wani kashi a asusun mata na garinsu, irin na Mata Masu Dubara da aka fara a jihar Maraɗi a 1991.

Wanda ke son ya san nasa lissafi, ga yadda zai yi. Ya sami shafi guda a littafinsa, ya ja layi 3 daga sama zuwa ƙasa, shafin ya rabu gida 4. A gidan farko ya rubuta ranar wata, daga 1 zuwa 30. A na biyu kuɗin ganye, a na uku kuɗin sukari, a na huɗu kuɗin gawayi. Ranar da aka karɓo bashi ma a rubuta, don shi ma biya za a yi. Ranar da ba a saya ba a sa sifiri. In wata ya cika a haɗa kowane gida, sannan a haɗa su duka. A tambayi kuɗin tiya a kasuwar satin nan, a raba, a ga tiya nawa ce. Wanda rabawa ta ba shi wuya, ya kai littafin makarantar yaƙi da jahilci ta garinsu a yi a kan allo tare da sauran ɗalibai.